Kujerar da Malam Nu'uman Ya Sa wa Leda

A Rijiyar Lemo, in ka bi layin da ke bayan masu walda, za ka ga wata rumfar kwano da tsofaffin kujeru jibge a bakinta. Wata ba ƙafa, wata soso ya ɓullo mata ta ciki, wata kuwa katakon kaɗai ya rage. To, nan ne wurin Malam Nu'uman mai kushin. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: ya tuɓe wa kujera tsohuwar riga, ya sa mata sabuwa. Mu 'yan layin mun buɗe ido mun gan shi a nan, dogon mutum mai ɗan rankwafawa, bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi, yana turo su ɗai-ɗai da harshe yana kafawa.

Duk wanda ya kawo masa aiki, tambaya ɗaya yake zuwa da ita: “Malam, leda ta fi ko yadi?” Shi kuma ba ya amsawa kai tsaye. Sai ya tofo ƙusoshin a tafin hannu, ya dubi mutum, ya ce, “Wa zai zauna?”

Na taɓa ganin wani Alhaji ɗan Kasuwar Singa ya harzuƙa da wannan tambaya.

“Wa zai zauna kamar yaya? Mutane mana! Awaki zan ɗora?”

“Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Gidan akwai yara?”

“Cike.”

“Janareta fa?”

“Sai in an yi baƙi.”

“To ka ga abin biyu ne. Leda, in yaro ya zubar da koko, ka sa tsumma ka goge, shi ke nan. Amma ranar da aka ɗauke wuta a lokacin zafi, ka zauna da singileti, in za ka tashi sai ka ji kamar ana ɓare maka fatar baya. Yadi kuwa yana shan iska, ba ya cin mutum. Laifinsa ɗaya, ba ya mantuwa. Abin da ya sha ya sha ke nan, ko miya ko fitsarin jariri. Sai ka zaɓi wahalar da za ka iya ɗauka.”

Alhaji ya tuntsire da dariya, ya ce a sa wa kujerun falon mata leda, nasa a sa yadi.

Tambayar nan ba tasa ba ce, gado ya yi. Kakanninsa mutanen Borno ne, amma ko mahaifinsa a Fagge aka haife shi, kuma so ya yi ɗan ya bi shi kasuwa. Nu'uman ya ce shi hannunsa ba na awo ba ne. Ya tsallaka Sabon Gari wajen wani Bayarabe mai suna Baba Raji, wanda a zamanin nan babu mai kushin da ya kai shi suna. Baba Raji yana da wata hanya tasa ta karɓar sabon mai koyo. Zai fitar da kujerar leda tsakar rana, ya zaunar da mutum a kai, ya koma inuwa yana cin goro. Sai zufa ta jiƙa mutum sharkaf sannan ya ce, “Ɗan Barebari, tashi mu gani.” Nu'uman ya yunƙura, rigarsa ta ƙi bin sa, ta manne. Baba Raji ya ce, “Yawwa. Yanzu ka ji abin da za ka riƙa sayar wa mutane. Kada ka manta da bayanka.”

Bai manta ba. Shekara da shekaru yana ba mutane labarin nan yana dariya.

Matarsa Ruwaida 'yar unguwarsu ce, ita ma jinin Borno, kuma sana'ar da ta gada wajen kakarta ita ce haɗa turaren wuta da humra. Iyayen amare daga Fagge har Sabon Gari wajenta suke zuwa. Gidan Malam Nu'uman ba a kwatanta wa baƙo shi da lamba. Cewa ake yi, “Ka shiga layin, ka bi hancinka.” Mace ce mai tsafta har ta wuce misali. In ta shigo gidanka ta ji wani ɗan bashi-bashi, ba za ta ce komai ba, amma washegari za ka ga ta aiko maka da ƙullin turare kyauta, kai ma ka gane karatun.

Allah ya ba su 'ya ɗaya, Mahbuba. Shekarar da aka haife ta ne Malam Nu'uman ya yi wa Ruwaida wata kujera mai zaman mutum ɗaya, ya lulluɓe ta da karammiski ruwan goro, ya ajiye mata kusa da tagar falo. A kanta take zama tana auna kwalabe, tana ciniki, kaskon turare na hayaƙi a gefen ƙafarta. Karammiskin nan ya yi ta shan hayaƙi har Mahbuba ta girma ta yi aure. Malam Nu'uman yakan ce ko an daina kunna garwashi a gidan, kujerar kaɗai ta isa ta riƙe falon.

Wata safiya Ruwaida na tsugune gaban kasko tana gwada wani sabon haɗi, sai cokali ya suɓuce mata. Ta kai hannu za ta ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Kafin a ankara ta kife a gefe. A asibiti aka ce hawan jini ne ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Magana ta dawo, ko da yake da ɗan nauyi, hankalinta kuma garau. Amma daga kafaɗa zuwa ƙafa a wannan ɓarin, ko allura ka soka mata ba ta ji. Sannan ga abin da ba a faɗa da ƙarfi: fitsari ya daina riƙuwa.

Da aka dawo da ita gida, Mahbuba ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Akwai kuma wata nas, Sista Nkechi, haifaffiyar Sabon Gari, tsohuwar mai sayen humrar Ruwaida, da takan biyo in ta tashi aiki ta auna mata jini. Ita ce ta ja musu kunne tun ranar farko: a riƙa juya ta a kai a kai, kada a bar ta ta daɗe a wuri ɗaya, kada a bar jikinta a jiƙe.

To amma kun san mu da dubiya. Ba a ji mutum ba lafiya a zauna. Mata suka yi ta zuwa daga hantsi har bayan la'asar, wannan da lemo, wannan da ayaba, waccan da addu'a kawai. Ruwaida kuwa ta ce ita ba za a same ta a kwance ba.

“Ni ba gawa ba ce da za a riƙa leƙo ni a ɗaki,” in ji ta. “Ku ɗaura min ɗankwali, ku kai ni kujerata.”

Haka aka riƙa yi. Famfas ɗin manya da ake sa mata ba kullum yake riƙewa ba, karammiski kuma ya yi halinsa. Mahbuba ta wanke, ta shanya, ta turara, amma soson da ke ciki ya riga ya sha. A hankali wani wari ya soma ratsa ƙamshin gidan ta ƙasa-ƙasa.

Ranar da abin ya fashe, falon cike yake. Yakaka, yayar Ruwaida, mace mai baki ba linzami, ta zo da ƙawayenta. Ɗaya daga cikinsu, wadda Ruwaida ta taɓa haɗa wa 'yarta turaren aure, ta ja gefen mayafi a hankali ta rufe hanci. Yakaka ta gani, sai ta ɗaga murya wai ita gyara za ta yi.

“Ke Mahbuba, ba ki da hanci ne? Ƙaro garwashi a kaskon nan mana!”

Da baƙi suka watse, Malam Nu'uman ya shigo daga rumfa, Ruwaida ta ce ya zauna.

“Malam, kujerar nan za ka tuɓe.”

“An gama. Akwai wani yadin auduga mai laushi da na gani, sai in canja har soson.”

“Leda nake so.”



“Maman Mahbuba, zafi ne ke shigowa. Ke ba kya iya gyara zama da kanki. Leda ba ta shan iska, ruwa ne zai riƙa kwanciya a ƙarƙashinki.”

“Yadin kuma ya sha ya riƙe. Kai da bakinka kake faɗa wa mutane.”

“To a rage zaman falon. A ce likita ya hana dubiya.”

“A gidan wa? Mutane su tako su zo gaishe ni, a ce musu su koma? In na mutu wa zai zo maka gaisuwa?”

“Subhanallahi, wace irin magana ce wannan?”

“Yi min tambayar taka mana, Malam. Wa zai zauna? Ni ce zan zauna. Na ƙare rayuwata ina sa ɗakunan mutane ƙamshi, yau a toshe hanci a falona ina kallo?”

Hawaye na zuba, ɓarin bakinta na hagu ko motsi bai yi ba. Malam Nu'uman ya ce ta ba shi zuwa gobe.

Washegari ya tafi Sabon Gari. Baba Raji ya tsufa tukuf, idonsa ya kusa tafiya, yana zaune a kan benci a ƙofar gida. Da jin sallama ya washe baki.

“Ɗan Barebari! Har yanzu kana haɗiye ƙusa?”

“Na rage, Baba.”

Ya zauna ya kwashe komai ya gaya masa. Ya tambaye shi ko fata ta gaske, irin ta majema, za ta yi.

“Fata ma tana sha,” in ji tsohon. “A hankali take sha, in ta sha kuma ta fi yadi riƙo.”

“Leda fa?”

“Ka san amsar tun kafin ka baro gida. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, ba a ɗora shi a leda. Don me na zaunar da kai a rana?”

“Baba, kuka take yi.”

Baba Raji ya murza sandarsa. Can ya ce, “To, wannan ban koya maka ba. Ni ma ban san shi ba.”

Malam Nu'uman ya biya ya sayo leda mai kauri, ruwan ƙasa. Mu da muke wucewa mun ga yadda ya yi aikin nan, kuma ban taɓa ganin ya ɓata wa wata kujera lokaci kamarta ba. Ya zubar da tsohon soso, ya sa sabo. Mazaunin ya yi shi falle ɗaya, babu ɗinki ko ɗaya da ruwa zai bi ya shiga. Karammiskin mazauni ya ƙone shi a bayan rumfa. Na jingina kuwa, wanda komai bai taɓa ba, ya naɗe shi ya cusa a saman rumfa tsakanin katako da kwano.

Ya kai mata da sharaɗi biyu: a riƙa shimfiɗa zane a kai, kuma da azahar ta koma ɗaki ta kwanta. Ta ce ta ji, ta yarda.

Kujera kuwa ta yi aikin da aka yi ta dominsa. Tsumma da ruwan sabulu, an gama. Ƙamshi ya dawo gidan kamar da. Ruwaida ta soma sa Mahbuba tana haɗa turare tana gyara mata daga zaune, har ciniki ya ɗan farfaɗo. Yakaka ta shigo ta shaƙi iska ta ce, “Yawwa, yanzu na ji gidan ƙanwata.” Masu dubiya suka riƙa fita suna cewa jiki ya yi kyau, Hajiya har raha take yi. Shi kansa Malam Nu'uman fuskarsa ta saki, muka taya shi murna.

Sharaɗin ne bai yi nisa ba. Zanen yakan jiƙe ya nuna, don haka da zarar mijin ya fita sai ta sa a janye. Kwanciyar azahar kuwa, ai bayan azahar ne mata suka fi zuwa, sun gama girki. Wa zai ce wa baƙuwa ta jira a ɗauke matar gidan a kai ɗaki? Sai zaman ya zama tun hantsi har kusan magariba. Ga zafin Kano ya kankama, irin wanda ko bango ka taɓa sai ka janye hannu, wuta kuma sai ta ga dama.

Mahbuba ce ta fara gani wajen wanka: wani jan tabo a ƙasan ƙugu, ɓarin hagu.

“Umma, wurin nan ya yi ja.”

“Ƙurajen zafi ne. Barbaɗa hoda.”

Bayan 'yan kwanaki fatar ta saɓule.

“Umma, bari in gaya wa Baba.”

“Ki gaya masa ya mayar da ni ɗaki? In kin faɗa ban yafe ba. Sa auduga ki rufe, zai bushe.”

Yarinya ta ji kalmar nan ta ban yafe ba daga bakin uwa marar lafiya, ta ja bakinta. Shi kuma Malam Nu'uman ba shi da hanyar gani, don tun da Ruwaida ta kwanta ba ta yarda ya ga jikinta ba. Wanka da canji duk Mahbuba ce. Kullum in ya shigo sai ya tambaya, “Babu inda yake miki ciwo?” Ta ce babu. Kuma ba ƙarya ta yi ba, wannan ɓarin ba ya jin komai.

Sista Nkechi ta yi tafiya garin iyayenta bikin Ista, ta ɗan daɗe. Ranar da ta dawo ta shigo da tsarabar manja tana wasa, “Hajiyata, kin yi kewata?” Sai ta tsaya a tsakiyar falo. Kasko biyu ne ke hayaƙi a ranar.

“Hajiya, turaren nan bai yi yawa ba?”

“Ke dai zauna, Sista.”

Ba ta zauna ba. Hancin nas ya san wani wari da turare ba ya rufewa. Ta ce wa baƙin da ke nan su yi haƙuri su ɗan ba su wuri, ta ce, “Mahbuba, rufe ƙofa, ki kama min ita.” Da ta ɗaga audugar, Mahbuba ta fashe da kuka. Gyambo ne ya yi rami, bakinsa ya yi baƙi.

Aka kira Malam Nu'uman daga rumfa. Sista Nkechi ta daki hannun kujerar da tafinta.

“Oga Nu'uman, wa ya ce a zaunar da ita a kan wannan abin, a zafin nan?”

“Ni na yi ta. Da hannuna.”

“Ba ka san abin da take yi wa jiki ba?”

“Na sani,” in ji shi.

Ta kalli fuskarsa. Ta ce a nemo mota.

A asibiti aka ce ciwon ya ci har kusa da ƙashi, kuma ya shiga jini. Aka wanke, aka yanke, aka yi ta allurai. Zazzaɓi ya sauka ya hau, ya sauka ya hau. Wata rana da yamma ta farfaɗo sosai, ta ga mijinta zaune a gefen gado.

“Malam, kada ka ɗora wa Mahbuba. Ni na hana ta.”

“Ban ɗora mata ba.”

“Kada ka ɗora wa kanka kuma. Tun da ka sa ledar nan, ka ga wanda ya sake toshe hanci a falona?”

“Ban gani ba.”

“To,” in ji ta, ta lumshe ido.

Ranar wata Laraba da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Allah ya ji ƙanta. Mutane kuwa sun zo gaisuwa, layin nan har ba wurin taka ƙafa.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Malam Nu'uman ya ɗauko kujerar a ka ya kawo ta rumfa. Tana nan har yau a lungu, fuskarta na kallon bango. Bai sayar ba, bai tuɓe ta ba, an taya ya ce ba ta sayarwa ba ce. Mahbuba ta koma ɗakinta, ba ta ƙara haɗa turare ba. Takan kawo masa abinci ran Juma'a, su gaisa a hankali kamar masu tsoron tada wani mai barci, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci kujerar ba. Labarin Baba Raji da zaman rana ma ya daina bayarwa.

Kwanakin baya ina zaune a bencinsa, wani matashi ya sauke kujera daga a-daidaita-sahu.

“Malam, leda nake so a sa mata, mai kauri.”

Malam Nu'uman ya tofo ƙusoshi a hannu. “Wa zai zauna?”

“Babanmu. Ɓarin jikinsa ne ya shanye, kuma... ka dai gane. Ga 'yan dubiya ba sa yankewa.”

“Ba zan sa ba.”

“Kamar yaya? Ba aikinka ba ne?”

“Aikina ne. Zan ɗinka maka rigunan auduga masu cirewa, a cire wannan a wanke, a sa wancan. Ku riƙa juya shi, ku riƙa duba ƙugunsa kullum, ko ya ce ba ya so. Ku rage masa zaman falo. In ka ɗora shi a leda a zafin nan, jikinsa zai ɓare bai sani ba.”

“Malam, aiki na kawo ko lacca na zo ji? Shi Baban da bakinsa ya ce leda. Ya ce ya gaji da jin kunya a gaban mutane.”

Matashin ya mayar da kujerarsa, ya ce wa direba su zaga layin gaba, akwai wani mai kushin a can.

Kwana kaɗan bayan haka muka ga an wuce da kujerar matashin ta gaban rumfa, an ɗaure ta da igiya, baƙar leda tana sheƙi a rana. Malam Nu'uman ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan ya miƙe, ya kai hannu saman rumfa, ya zaro karammiskin nan ruwan goro, ya kara a fuskarsa ya daɗe. Daga inda nake zaune na jiyo ƙamshin, har yanzu bai fita ba. Ya naɗe shi ya mayar, ya zuba ƙusoshi a baki, ya koma kan aikinsa.